Ƙwallon Dabino a Maƙogwaron Makina

A Makka ba da ciyawa ake kiwon akuya ba, da shara ake yi. Wanda bai zauna garin ba zai ce sharri nake wa ƙasa mai tsarki. To ya hau duwatsun Nakkasa, unguwar da muke zaune, ya dawo ya gaya mini inda ya ga ɗanyen ganye. Akwai wata ciyawa da ake shigowa da ita a kan jakuna da sassafe, barsim suke ce mata, amma wannan ta dabbobin masu hali ce. Mu awakinmu ɓawo suke ci, da tsumma, da takarda in sun samu. Tawa ja ce, ƙahonta ɗaya a karye, kuma na ga marasa kunya a duniya amma ban ga na biyunta ba. Duk da haka ko tsawa ba na so a yi mata, don nononta ne ke riƙe da ran 'yata.

Lokacin ana cikin rushe gidajen da ke gefen Harami don a faɗaɗa shi. Ni da maigidana mun yi 'yan shekaru da shigowa. Daga ƙasar Kano muka taso, muka tsaya a Sudan muna tsinkar auduga har muka samu abin ƙetare teku, muka sauke farali, sai komawa gida ta gagara. Shi ya zama mai ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda, yana kai wa gidajen unguwar Misfala da ke ƙasan dutsenmu. Ni kuma na samu wanke-wanke da fere-fere a ɗaya daga cikin gidajen da yake kai wa ruwan, gidan wani ɗan kasuwa, dogon bene, ɗakin girkin yana can sama kusa da rufi. Ina wannan aikin na haifi 'yata, bayan biyu da muka binne a hanya. Tana 'yar jaririya wani zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi nonona ya ƙafe ƙaf. Na sha kunun kanwa, na sha hulba, na sha rubutu, ko ɗigo. Sai maigidana ya sayar da bargonsa da babbar rigarsa ya sayo akuyar nan.

Akwai wata ƙa'ida da duk matan Nakkasa suka sani. Kowane babban gida da matar da ke kwashe ɓawonsa, kuma ba ki isa ki tsaya a ƙofar gidan da ba naki ba, sai a jiyo ku tun daga Harami. Ragowar shinkafa da gurasa ba namu ba ne. Uwargidan, wadda muke kira Sitti, ta yi alkawari tun rasuwar mahaifiyarta cewa gidan tsofaffin gwauraye da ke bayan layi za a riƙa kai su. Nawa rabon shi ne ɓawon kankana da na kabewa, da kan kuɓewa, da karan lalo, da ƙwallon dabino. Kullum bayan la'asar sai in ƙulle su a tsohon zane in ɗora a ka, 'yata a baya, in kama hawan dutse. Tun ina ƙasa akuyar ke jiyo takuna ta fara ihu kamar ana yanka ta.

Mai girkin gidan wata tsohuwa ce, jinin Sakkwato amma haihuwar Makka, Goggo nake ce mata. Larabcinta ya fi Hausarta, ni ma ya binti take ce mini, wato 'yata. Ni kuwa nawa Larabcin bai wuce zo, tafi, kawo ruwa ba, don haka ita ce kunnena a gidan, ita ce bakina. Aibinta ɗaya, ba ta taɓa cewa ba ta san abu ba. In ka tambaye ta nauyin dutsen Arfa za ta faɗa maka, ta kuma yi maka faɗa in ta ga alamar shakka a fuskarka.

Babban ɗan gidan, Sidi muke ce masa, yana aiki wajen masu haƙar mai a can gabas, kuma duk zuwan da zai yi sai ya taho da abin da zai rikita mu. Ya kawo akwatin sanyi, muka saba. Ya kawo fanka, muka saba. A wannan zuwan sai ya taho da wani mutumin Sham, suka shiga ɗakin girki suna ta fasa bango. Da suka gama sai ga wani faffaɗan kwanon ƙarfe an kafe shi a jikin bango, da famfo a kansa, da rami a tsakiyarsa wanda hannu zai iya shiga. A ƙarƙashinsa kuma an maƙala wani abu kamar ƙaramin tulu. Makina, in ji su.

Aka tara mu. Sidi ya buɗe famfo, ya danna wani abu a bango, sai tulun nan ya ɗauki gurnani har 'yata ta zabura a bayana. Ya ɗauki ɓawon kankana, jan jikinsa ma bai gama fita ba, ya tura a ramin. Gurrr, babu shi. Ya tura wani. Ya jefa ƙashin kaza, aka ji ƙaras-ƙaras, shi ma babu shi. Yana yi yana zuba Larabci da sauri, yana nuna ƙudaje, yana toshe hanci, yana nuna matakala. Sitti tana ta masha Allah tana ja da baya.

Ni dai abu ɗaya na gane, injin niƙa ne. Na ga irinsa a Sudan, ana zuba dawa ta sama gari yana fita ta ƙasa. Har na ji daɗi a raina, na ce akuyata ta huta da tauna. Sai na durƙusa ina neman inda garin ke fita. Ban ga komai ba sai wani bututu da ya lanƙwasa ya shige bango.

"Goggo, ina abin yake zuwa?"

"Ƙasa."

"Ƙasa ina? Wa yake tara shi?"

"Akwai rumbu a ƙasa mana, ya binti. Ke komi sai kin tambaya."

Da na tashi aiki na bi matakala har ƙasa ina neman rumbun. Na leƙa ɗakin gawayi, na leƙa inda ake ɗaure jaki, ban ga ko tsabar gari ba. A nan maigidana ya same ni, ya sauke sandarsa yana haki. Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya ja ni bayan gida ya nuna mini wani faifan dutse da aka rufe rami da shi, ramin da ruwan wanka da na masai ke taruwa.

"Nan yake zuwa," ya ce.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Wa zai sayi injin niƙa, ya ba shi wuta, ya ba shi ruwan da kake hawa da shi har sama, don kawai ya niƙa abu ya zuba a masai?"

"Ni ma tun safe nake tambayar kaina. An ce daga yau in ƙara garwa, wai makina ba ta cin abinci sai da ruwa."

Washegari Goggo ta fassara mini sauran jawabin Sidi. Daga yau babu ɓawon da zai sauka ta matakala, don shi ke tara ƙuda, ƙuda kuma shi ke kawo ciwon ido. Sitti ma ta aika an tambayo malaminsu ko ya halatta. Ya ce gurasa da shinkafa ni'imar Allah ce, ba a tura su ramin ƙazanta, amma ɓawo babu laifi. Wato dai duk gidan nan makina ba ta cin abincin kowa sai na akuyata.

Na ce, "Goggo, ki gaya wa Sitti ina da mai cin ɓawon nan, kuma ba ta shan wuta."

"Aib, abin kunya!" ta ce, ta riƙe haɓa. "In je in ce wa uwa ɗanta ya yi wauta? Ya ɗauko abu tun daga bakin teku don ya faranta mata? Halas, shi ke nan, ki rufe bakinki."

Ko da Goggo ta yarda ma da wuya a saurare ni, don makina ta zama abin kallo. Kullum da yamma matan maƙwabta sai su hau benen, a ba su shayi, sannan a kawo su ɗakin girki su ga abin mamaki. Har tara ɓawon ake yi a faranti mai kyau a rufe shi, kamar abincin baƙo. Ni ce mai buɗe famfo. Ina tsaye ina kallo ana tura kankana a ramin nan, su suna tafi, ni ina jin kamar hanjina ake niƙawa.

Ba a daɗe ba nonon akuyar ya fara ja baya. Ƙwaryar da take cikawa da safe ta koma rabi, daga nan ta koma abin da bai rufe gindinta ba. Na tsinto mata takardu a hanya, na ba ta ragowar tuwonmu, wata rana har na soke ɓawo biyu a ƙugun zane na fito da su kamar ɓarauniya, ta haɗiye su kafin in gama kwancewa ta tsaya tana kallona. Na fara ƙara wa nonon ruwa. 'Yata ta sha ta ƙi ƙoshi, ta kama nawa busasshen tana ja tana kuka. Tsoro ya kama ni sosai, don na san yadda biyun farko suka fara.

Sidi ya koma wajen aikinsa, mutumin Sham ya koma garinsu. Ana gab da azumi aka kawo wa Sitti dabino daga Madina, muka zauna ni da Goggo muna cire ƙwallon za a yi cuɗin kayan zaƙi da shi. Ƙwallo ya taru tuli guda. Wanda ya yi kiwo a ƙasar nan ya san babu abin da ke kawo nono kamar ƙwallon dabino, sai dai wahala gare shi, a jiƙa shi kwana da kwanaki sannan a daka har kafaɗa ta sage. Ina kallon tulin ina haɗiyar yawu a madadin akuyata, sai Goggo ta ajiye wuƙa.

"Ba kin ce injin niƙa ba ne?"

"Na ce."

"To mu mai da shi injin niƙa mana. A kwance bututun ga na ƙasa, mu tara kwano. Sidi ya ce a ba makina, mun ba ta. Abin da ya fito kuma rabonki ne."

Wallahi a lokacin na ga Goggo ta fi kowa hankali a Makka. Na ce, "Za ta iya ƙwallon dabino kuwa?"

"Abin da ya tauna ƙashi? Tayyib, to, ke dai kira mijinki."

Bayan azahar, Sitti ta shiga ƙailula, maigidana ya hawo da ruwa muka tare shi. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya durƙusa ya murɗe wuyan bututun har ya fita. Na tura kwano a ƙarƙashi. Goggo ta buɗe famfo ta danna abin bango. Na ɗebi ƙwallo tafi ɗaya zan zuba kaɗan-kaɗan, ta ce, "Ke yara kike ba hatsi? Juye duka." Na juye.

Ƙarar da ta tashi kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Daga nan makina ta yi wani irin nishi, ta yi gunji a hankali kamar mai ciwon ciki, sai tsit. Wani ƙauri ya cika ɗakin. Na leƙa kwanona, babu komai ciki sai ruwa da 'yan ɓarɓashi.

A haka Sitti ta same mu, kanta ko ɗankwali babu. Maigidana yana ganinta ya jefar da bututun ya rufe ido ya bi matakala, har ya manta sandarsa. Sitti ta dubi bututu, ta dubi kwano, ta dube ni, ta yi magana mai tsawo. Goggo ma ta yi mai tsawo. Fassarar da aka ba ni kuwa gajeriya ce.

"Ta ce hannun wa ya zuba. Na ce naki."

"Dabarar fa, ta wa kika ce?"

"Ba ta tambaya ba. Ta ce Sidi zai zo sallah. In ya iske makina a mace, ita ba za ta iya tare miki ba."

Na so in shaƙe tsohuwar nan. Amma da wane bakin zan kai ƙararta, alhali ita ce bakin nawa?

Mijin Sitti ya aika Jidda a nemo mai gyara. Amsar da ta dawo ita ce ta ƙara ɗaure mini kai. Wai duk Jidda mutum ɗaya ne ya san cikin wannan makina, kuma Nasara ne, ba shi da ikon taka ƙasar Makka. Ya ce a ciro ta a kai masa wajen duwatsun iyaka da ke hanyar Jidda, zai zo ya tare ta a can. To wa zai ciro ta? Wanda ya kafa ta yana Sham. Aka kira wani mai gyaran agogo, ya leƙa ramin ya ce shi ba ya taɓa abin da ke shan wuta da ruwa lokaci ɗaya. Mai gyara ba ya shiga, makina ba ta fita, aka zauna ana kallon juna.

Ɓawo kuwa bai san an yi ba, kullum sai ya taru, ga zafin azumi, ga ƙuda. Rana ta uku Sitti ta toshe hanci ta yi mini nuni da hannu in kwashe. Na kwashe har da na shekaranjiya. Akuyata ta ci har cikinta ya yi gefe-gefe. Cikin 'yan kwanaki ƙwarya ta koma cika, na daina ƙara ruwa, 'yata ta fara barci mai nauyi, kumatunta suka fara dawowa.

Nan fa na rasa inda zan sa kaina. In makina ta tashi, ɓawo ya tafi. In ba ta tashi ba, ni zan tafi, wata ta gaji gidan da ɓawonsa. Gaba kura, baya sayaki. Wata Juma'a na shiga Harami na ɗaga hannu, ga Ka'aba a gabana, wurin da aka ce ba a mayar da addu'a, na buɗe baki na rasa me zan roƙa. In ce Allah ya tashe ta? In ce ya bar ta a mace? Na daɗe a haka har hannuna ya gaji. Daga ƙarshe na ce, ya Allah, kai ka san abin da nake nufi. Ni kaina ban sani ba.

Goggo kuma, wataƙila don kunya, ta ɗauki jinyar makina a kanta. Ta fara ɗura mata man zaitun, wai maƙogwaro ne ya bushe. Ta bi da tafasasshen ruwa. Da hakan bai yi ba ta ce ai ciki ne ya ɗaure, ta dafa filasko mai kauri, irin wanda ake ba babban mutum ya wuni a bayan gida, ta juye mata tukunya guda. Muka jira har la'asar. Ta danna abin bango, ko tari makina ba ta yi ba. Sai ta ce dama ta sani, bakin matan maƙwabta ne, ta kunna turaren wuta ta zagaya ta da shi.

Azumi ya raba tsakiya, aka fara maganar zuwan Sidi. Wata rana bayan mun sha ruwa maigidana ya ce, "Kin san in suka kore ki, ni ma da wuya su bar mini ruwan gidan. Ni na kwance bututun."

"To ya kake so in yi?"

"Duk injin niƙa akwai abin da ke juyawa a cikinsa. Mai injin nan na Sudan, in ya cije, kashe shi yake ya juya shi baya da ƙarfe. Amma ki ji ni da kyau, kada ki sa hannu. Kin tuna mutumin nan na wajen gurzar auduga da yake cin tuwo da yatsa biyu."

Na tuna shi. Na kwana ina jujjuya maganar, da safe na ɗauki muciyata na soke a cikin ƙullin kaya. Har na isa Misfala ban yanke ko gyarawa zan yi ba ko kuwa gwadawa kawai, don in aka tambaye ni in ce na gwada.

Goggo ta riƙe mini fitila a bakin ramin, na kanga ido na leƙa. Can ƙasa na hango wani faifan ƙarfe da 'yan kunnuwa biyu a kansa, ƙwallon dabino ya cushe gefensa zagaye, sun yi baƙi suna ƙyallin mai. Na zura muciya na tokare kunne ɗaya. Sai na tsaya.

"Goggo, ina ne bayan?"

"Dama."

Na tura dama, ko gezau.

"Na ce miki hagu, ya binti, ba ki ji ne?"

Na tura hagu. Na koma dama. Ina azumi, gumi yana shiga mini ido, 'yata tana zillo a bayana, warin filasko da ƙauri suna tasowa daga ramin. Haushin Goggo, da na Sidi, da na Nasaran da ban taɓa gani ba, duk suka taru mini a kafaɗa. Na sa ƙafa ɗaya a bango na danna da dukkan ƙarfina. Muciya ta ce ƙas, ta tsage, a daidai lokacin kuma na ji abu ya motsa a ƙasa.

Da awartakin gawayi na riƙa tsamo ƙwallon ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun fashe, wasu ko ƙwarzane babu. Da na gama na sake zura guntun muciyar, faifan ya juya sumul, dama da hagu duka. Muka jira maigidana ya hawo da ruwa, ya mayar da bututun yana waige-waige. Goggo ta yi bisimilla, ta buɗe famfo, ta danna abin bango.

Shiru.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san me na ji ba, kuma har yau in aka matsa mini ba zan iya faɗa ba. Wani sashe na zuciyata yana cewa alhamdu lillahi, wani yana cewa kin shiga uku. Goggo ta kashe famfo ta ce, "Halas, ajali ne. Tashi ki goge man ga da ya zuba a ƙasa kada Sitti ta gani."

Na ɗauki tsumma na kutsa kai ƙarƙashin kwanon ƙarfen ina goge gindin tulun. A nan yatsana ya ci karo da wani ɗan jan abu kamar ƙurji. Na ɗauka datti ne ya daskare, na danna shi da farce in kankare. Ya ce ƙit, ya shige. Ashe Goggo ba ta mayar da abin bango ba. Makina ta kece da gurnani a saman kaina, na zabura na gwara ƙeya da ƙarfe, 'yata ta tsala ihu, Goggo ta yar da fitila ta yi bakin ƙofa tana salati.

Da ta dawo hayyacinta sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Na gaya miki filasko ba ya aiki nan take."

Ni dai ban sani ba. Ko muciya ce, ko jan ƙurjin nan ne, ko filaskon ne da gaske, ko addu'ar da na yi ba kai ba gindi ce aka amsa ta yadda aka ga dama.

Sitti ta shigo da gudu. Ta rangaɗa guɗa, ta kama kaina ta sumbata daidai inda ya kumbura, ta cire mayafin da ke kafaɗarta ta yafa mini. Tun da na zo ƙasar nan babu Balarabiyar da ta taɓa riƙe ni haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ta aika aka kira maƙwabta. Kafin su gama hawowa ta hango ƙullin ɓawon da na riga na ɗaure na ajiye a bayan ƙofa, ta sa aka kwance shi aka juye a faranti, ta miƙo mini da hannu biyu tana murmushi.

"Ta ce ke kika tashe ta," in ji Goggo, "ke za ki fara ba ta."

Na karɓi farantin. Na tattaro duk Larabcin da na mallaka na ce, "Sitti, akuya. Nono. Yarinya." Na juya mata baya don ta ga 'yar. Sitti ta dubi Goggo. Goggo ta faɗi wata magana, mata suka yi dariya, Sitti ta shafa kan 'yata ta sa aka kawo mata madara a ɗan kofi. Ban san me Goggo ta ce ba. Na tambaye ta daga baya, ta ce ta gyara mini maganar ne don kada in ji kunya.

Suna tsaye sun zagaye ni, na buɗe famfo, na riƙa tura ɓawon da hannuna har farantin ya ƙare. Kafin sallah aka kira kafinta ya yi wa ƙarƙashin kwanon ƙofa, aka sa kwaɗo, Sitti ta haɗa makullin da nata.

Sidi ya zo ya tafi bai ma san an yi ba. Aikina ya tsira, ruwan maigidana ya tsira. Akuya kuwa ba ta kai babbar sallah tana ba da nono ba, muka sayar wa mahauci.

A can saman dutsenmu akwai wata mata da suka zo ta hanyar Chadi, tana goyon ɗa namiji, Allah ya ba ta nono har yana jiƙa mata riga. Na je na durƙusa mata. Ba ta ja rai ba, ta ce in kawo ta, inda ɗaya ya sha biyu ma za su sha. Sai dai ita ba ta sauka Misfala, don haka da asuba nake kai yarinyar, in ɗauko ta da magariba. Daga baya ta fara tashi cikin dare tana nema, matar ta ce in bar ta ta riƙa kwana, wahalar ta yi yawa. Na bar ta. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, ta zauna, ta yi rarrafe. Matar nan ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma ina yi mata addu'a har gobe.

Wata rana da yamma na hawo daga aiki na tarar da su a tsakar gida, yarinyar ta dafa turmi ta miƙe tsaye. Na tsuguna na miƙa mata hannu ina kiranta. Ta dube ni, ta saki turmin, ta yi taku biyu tana tangaɗi, ta faɗa jikin matar ta ƙanƙame ta, ta ce, "Inna." Ranar ta fara magana.

Matar ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ɗago ta tana juyo da ita wajena tana cewa, "A'a, ga Innarki can, je ki wajen Innarki." Yarinya ta sa kuka tana cusa kai cikin rigarta.

Na ce, "Ƙyale ta, yunwa take ji."

Na koma bakin ƙofa na zauna, ina jira ta gama sha.